Masai na taki a jirgin ruwan zama: kafin ka saya, nemi inda za ka zubar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina da 'yarmu ƙarama muna zaune a Ingila, kuɗin haya ya sha mana kai, har mun fara neman irin siririn jirgin nan da mutane ke zama a ciki a hanyoyin ruwan ƙasar. Wanda muka gani yana da masai na taki, wanda ba a kora shi da ruwa. Mai jirgin ya ce ba ya wari, ba ruwanmu da neman wurin zuƙe tanki, kuma abin da ke fitowa taki ne. Ba mu da matsaya ta dindindin, yawo za mu riƙa yi. Mene ne matsalolinsa? Mu bar shi ko mu cire?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya sa ku shiga a sa'a. Cikin abubuwa ukun da mai jirgin ya faɗa maka, biyu gaskiya ne amma da sharaɗi, na ukun kuwa ba haka yake ba, kuma a kansa wahalar take. Abin da za ka kwaso daga cikin wannan masai bayan mako uku ko huɗu ba taki ba ne. Bayan gida ne da ya ɗan sha iska, gauraye da ɓawon kwakwa, na samansa ma na jiya ne ko na yau da safe. Sai ya sami inda zai zauna shekara guda ko fiye kafin ya zama abin da za a sa wa shuka. Mai gida da lambu yana da wannan wuri. Kai da za ka riƙa yawo a jirgin da faɗinsa mita 2 ne da 'yan kai, ba ka da shi. Akwai kuma wata matsala da masu sayar da kayan ba sa ambata, domin yawancinsu ba su san da ita ba, wato tsarki da ruwa. Zan daɗe a kanta, don ita ce ta fi shafar gidanka.

Aikin wannan masai guda biyu ne, rabawa da busarwa. A cikin kwanon akwai 'yar katanga: fitsari ya bi ta gaba ya gangara cikin jarka, bayan gida ya faɗa ta baya cikin bokiti mai ɗauke da ɓawon kwakwa ko garin katako. Wata 'yar fanka mai aiki da batirin jirgin tana jan iska dare da rana, tana fitar da ita waje ta bututu. Irin su Nature's Head da Air Head, 'yan Amurka, suna da hannu a gefe da ake juyawa bayan an gama, ya cakuɗa abin da ɓawon. Irin su Separett na Suwidin ba su da hannun, leda ce a cikin bokiti, fanka ta yi sauran aikin. Dalilin rabawar shi ne yawancin ɗoyin masai daga haɗuwar biyun yake fitowa. A cikin bayan gida akwai ƙwayoyin da ke farfasa sinadarin yuriya na fitsari su mai da shi amoniya, wannan zarnin da ke sa ido hawaye. In ba su haɗu ba, bokitin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai yake yi. Don haka maganar rashin wari gaskiya ce, muddin an raba, muddin kuma fanka na juyawa. Ranar da ɗaya cikin biyun ya samu matsala, duk jirgin zai sani, domin tsakanin banɗaki da gadonku taku biyu ne.

Mu fara da fitsari, tunda shi ne aikin kullum. Baligi yana fitar da lita 1 zuwa 2 a yini. Jarkar waɗannan masai takan ci wajen lita 8, wasu ma ba su kai haka ba. Ku biyu da yarinya, kwana biyu ta cika, in kuna shan shayi irin na lokacin sanyi ko haka ba za ta kai ba. Kuma ba ta yin sallama in za ta cika. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne a kowane jirgi: mutum ya tashi cikin dare, bai kunna fitila ba don kada ya tashi iyali, jarkar ta riga ta kai wuya, abin da ya ƙaru ya malala cikin mazauninta, daga nan ya bi ƙasan banɗaki ya shige ƙarƙashin katako. Da safe ka ɗaga murfin, ka tarar jarkar tana iyo, sai ka ciro ta cike fal ba murfi, ka bi siririn lungun jirgin da ita kana tafiya a hankali. Abin da ya shige ƙarƙashin katako kuwa ba ya fita da goge-goge, sai an ɓalle katakon. Maganinsa jarka ta biyu, da ɗabi'ar dubawa kowane dare kafin a kwanta, ko ta cika ko ba ta cika ba.

Bayan 'yan makonni za ka ga wani farin dutse-dutse ya kama cikin jarkar da bakin bututun. Gishirin fitsari ne ya daskare, shi ke riƙe zarni, shi ke toshe 'yar hanyar da fitsari ke bi har ya riƙa komawa baya cikin bokiti. Ruwan khal ko garin tsamin lemo da aka jiƙa yana narkar da shi. Ka ajiye kwalbar fesawa a gefen masai, kowa ya gama ya fesa sau biyu. Abin da ba za ka taɓa zubawa ba shi ne bilic. In ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari yana tayar da iska mai guba, a ɗakin da ko juyawa da ƙyar ake yi.

Ina za a zubar? A hanyoyin ruwan Ingila da Wales akwai wuraren zubar da kaset na masai, wato ɗan tankin da ake zarowa daga ƙarƙashin masai a je a juye, waɗanda kowa ke kira Elsan, can ne muhallinsa. Ka ga ke nan maganar cewa ba ruwanka da neman wurin zubarwa rabin gaskiya ce: ka huta da neman injin zuƙe tanki, amma Elsan kana nemansa kamar yadda mai kaset ke nemansa. Za ka ga wasu suna tuttulawa a gindin shinge da daddare, wasu ma cikin ruwan kai tsaye. Ruwan nan kusan a tsaye yake, ba kogi ba ne, kuma fitsari ne ke ɗauke da mafi yawan sinadarin naitirojin da jiki ke fitarwa, wanda ke ciyar da gansakuka. A inda jirage suka yi cincirindo, kamar Landan, gindin shingen da mutum goma suka mayar wurin zubarwa hancinka zai nuna maka shi da rani. Mu kuma hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudu sananne ne a hadisi, ba sai hukuma ta hana mu ba.

To, ga maganar tsarki. An ƙera waɗannan masai ne don mutanen da ke gogewa da takarda su tashi. Babu inda aka tanada don ruwan buta. In ka yi tsarki a zaune kamar yadda ka saba, ruwan ɗayan wuri biyu zai bi, kuma kowanne ɓarna ne. In ya faɗa baya cikin bokiti, cikin kwana biyu zuwa uku ɓawon kwakwar ya sha ya ƙoshi, abin ya zama taɓo, iska ta daina shiga, ƙwayoyin da ke aiki ba iska su karɓi ragama, sai ɗoyi irin na buɗaɗɗen masai. Hannun juyawar ya riƙa juyawa sakwaf, ba abin da yake cakuɗawa. In kuma ka karkata don ya bi ta gaba, ka kai guntun bayan gida cikin jarkar fitsari, ka haɗa abin da aka sayi masai ɗin don a raba. Zarni zai tashi cikin sa'o'i, kuma abin da ke cikin jarkar ya tashi daga fitsari zalla ya koma ruwan masai mai ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Ko tsarkin fitsari kaɗai ka ɗauka, lissafin ya canza. A ce kai da maiɗakinka kowa ya shiga sau shida a yini, kowane shiga ya yi amfani da kofi guda na ruwa, rubu'in lita. Lita 3 ke nan a kan lita 3 na fitsarin. Jarkar da ke kwana biyu ta koma ta yini ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba, alhali Elsan na gaba yana iya zama tafiyar sa'o'i, in ma ba a same shi a toshe ba.

Dabarar da takan fara zo wa mutum ita ce ya tashi ya koma wurin wanka ya yi tsarkin a can. A gida wannan ba laifi, ruwan yana bin bututu zuwa inda ake tace shi. A siririn jirgi ba haka ba ne. Ruwan wanka da na wanke-wanke ta wani rami a jikin jirgin yake fita kai tsaye cikin ruwan da kake kai, an yarda da hakan don sabulu da kumfa ne kawai. Tsarkin bayan gida a wurin wanka zuba najasa ne a ruwan da maƙwabcinka ke jan igiyarsa a ciki, yara ke tuƙa kwale-kwale a kai. An gudu ba a tsira ba.

A ƙasa an daɗe da warware wannan. A Indiya da Bangaladash, inda mutane ke tsarki da ruwa kamar mu, ana gina busasshen masai na tsuguno mai rami uku: na fitsari, na bayan gida, da na ruwan tsarki, wanda ke bin nasa bututun zuwa ramin tsotsewa. A jirgi ba ƙasar da za ta tsotse, don haka rami na ukun dole ya zama mazubi na uku da za ka ɗauka da hannu. Abin da na ga yana yiwuwa shi ne a fara gogewa da takarda har a tsabtace, takardar ta shiga bokiti ko wata leda ta dabam, sannan a yi tsarkin da ruwa kaɗan a kan wani ƙaramin masai na tafi-da-gidanka ko bokiti mai murfi da aka keɓe, a zubar da shi a Elsan. Haɗa gogewa da ruwa abu ne da malaman Malikiyya suka sani sarai, har suna fifita shi, kuma bayanin iyakar abin da gogewa kaɗai ke isarwa aikin malaminka ne. Amma ka dubi inda muka tsaya: banɗakin da ko mutum biyu ba ya ɗauka yanzu yana da bokiti, da jarka, da jarkar ko-ta-kwana, da mazubin tsarki. In har sai ka ajiye masai mai kaset a gefe don tsarki, to me ya hana shi ya zama shi ne masai ɗin gaba ɗaya?

Mu koma kan takin. Ruɓewar da ke kashe ƙwayoyin cuta da sauri zafi take so, zafin kuwa daga yawan tarin yake zuwa. Ka san jujin taki a bakin gona, wanda in ka tona cikinsa da sanyin safiya tururi ke tashi: girmansa ne ya riƙe zafin. Sai tari ya kai kusan mita guda a tsawo da faɗi da tsayi kafin ya riƙe zafi haka. Bokitin lita 20 da 'yan kai, a jingine da ƙarfen jirgin da ke zaune cikin ruwan Ingila a watan Janairu, ba zai taɓa ɗumama ba. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13 ko makamancin haka, aikin ƙwayoyin ruɓarwa ya yi rauni ƙwarai, kuma watanni da yawa na shekarar Ingila a ƙasa da haka suke. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 sun ce in takin zafi ne, sai ya wuce digiri 50 na aƙalla mako guda. In ajiyewa kawai za a yi, a inda zafi ke tsakanin digiri 2 da 20, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A inda ya wuce 20, fiye da shekara guda. Kuma ana fara ƙirgen ne daga ranar da aka daina ƙara sabo, ba ranar da aka fara ba. Abin da ya ja wa'adin ya yi tsawo haka shi ne ƙwan macijin ciki, wanda ke da taurin rai fiye da kusan duk abin da ke cikin bayan gida.

Yanzu yi lissafin wuri. Mutum biyu masu zama kullum suna kwashe bokiti duk mako uku zuwa huɗu, ku da kuke da yarinya wataƙila ƙasa da haka. Kwasa goma sha biyar ko fiye ke nan a shekara. Abin yana raguwa in yana bushewa, tunda kashi uku cikin huɗu na bayan gida ruwa ne, amma duk da haka sai ka tanadi manyan robobi masu murfi da ramukan iska, aƙalla uku: ɗaya ana cikawa, ɗaya yana ruɓa, ɗaya yana ƙarasawa. Masu yin abin da gaske a kan rufin jirgi suke jera su, ko a akwatin goshin jirgi. Rufin nan kuwa shi ne wurin faifan sola da itace da gawayi da keke, kuma akwai gadoji da ramukan ƙarƙashin ƙasa masu gajarta da ba sa barin kaya mai tsayi ya wuce. In wa'adin ya cika takin ya nuna, sai wata tambayar: gonar wa? Gefen hanyar ruwa ba naka ba ne, ba ka da izinin zubawa ko binnewa a can.

Shekaru da yawa masu jirage ba sa wannan wahalar. Su ƙulle abin a leda biyu su jefa a bolar hukuma, kamar ƙunzugun jarirai, hukumar ma a lokacin ta yarda da hakan. Hukumar ita ce Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, take kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales. Da masu irin wannan masai suka yi yawa, ledojin suka yi yawa a bola, suna ɓata sharar da ake tacewa don sake sarrafawa. A watan Fabrairun 2021 hukumar ta sanar cewa a daina, da aka yi ta ƙorafi ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen Disambar wannan shekarar. Tun daga nan ba a zuba shi a bolarta. Ba a kuma zuba shi a Elsan, domin ɓawon kwakwa kumbura yake ya toshe bututu, ya bar masu kaset na yankin duka a tsaye. Mutane da yawa da suka kashe ɗaruruwan fam, wasu kusan dubu, sun wayi gari da masai da ba su da inda za su kai abin cikinsa. Ka tambayi mai jirgin nan a ina shi yake zubarwa. Amsar da zai ba ka, ko shirun da zai yi, za ta gaya maka abu da yawa. A Landan wasu masu jirage sun tashi da hidimar karɓa a biya su, su kai inda ake takin da gaske, amma kai da ba ka da matsaya ta dindindin, dokar hanyoyin ruwa ta 1995 ta wajabta maka barin wuri duk bayan kwana 14, kuma tafiyar za ta fitar da kai daga inda hidimar take. Kada ka dogara da ita sai ka tabbatar tana aiki a duk hanyar da za ka bi.

Sai laima da ƙuda, waɗanda tare suke tafiya. Jirgin ƙarfe da hunturu zufa yake yi ta ciki, tagogi suna ɗiga, iskar da fanka ke ja ta kan bokitin ita kanta jiƙaƙƙiya ce, ba ta busar da komai. Tururin da ya shiga bututun iska in ya taɓa sanyin rufi sai ya koma ruwa ya gangaro, ya ɗiga a kan fankar har ta mutu, ko ya koma cikin bokiti. A naɗe bututun da abin riƙe ɗumi, a kuma yi masa ɗan lanƙwasa da zai tare ruwan. Fankar wuta kaɗan take ci, irin ta cikin kwamfuta ce, amma ba ta hutawa, kuma a watan Disamba sola a Ingila kusan ado ne. Mutane sukan kashe babban makunnin batir in za su yi tafiyar kwana biyu, su manta fanka a kansa take. A ja mata waya tata dabam mai fis, a kuma ajiye wata fankar a aljihun tebur, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Ɓawon kwakwa a daskare yake zuwa kamar bulo, guda mai giram 650 yana kumbura ya kai lita 8 zuwa 9 in an jiƙa. Kuskuren sababbi shi ne cika masa ruwa. Ka damƙa a hannu: in ya ɗiga ya yi yawa, so ake ya dunƙule, ka sake shi ya wargaje. Ka sayi wanda aka matse aka rufe a leda, domin wanda aka buɗe a shagon kayan lambu sau da yawa da ƙwan ƙwari yake zuwa.

Ƙudan da ke addabar wannan masai ba manyan nan ba ne, 'yan mitsi-mitsi ne irin na ruɓaɓɓen ayaba. Da zafi, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana goma ne kacal. Za ka fara ganin biyu ko uku a jikin madubi ka ce ba komai. Mako na zagayowa ka ɗaga murfi su tashi kamar hayaƙi, ka leƙa ƙarƙashin leɓen bokitin da jikin sandar juyawa ka ga 'yan ƙwanso masu ruwan ƙasa jere kamar ƙwayar riɗi. Fesa magani yana kashe masu tashi ne kawai. Sai an kwashe komai, an wanke kowane lungu da tafasasshen ruwa da ruwan khal, an shanya, an sa raga mai ƙananan ido a bakin shigar iska da na fitarta. In ka bar ƙwanso goma a ƙarƙashin maɓalli, bayan mako biyu ka koma gidan jiya. Ƙudan da ya tashi daga bokitin nan kuma kicin ɗinku yana nan kusa, mita uku ko huɗu.

'Yarku ma abin dubawa ce. An auna katangar kwanon da jikin babba, yaro in ya zauna komai nasa wuri ɗaya yake faɗawa, yawanci fitsarin ya tafi baya. Ga tsayi: irin su Nature's Head sun haura santimita 50, sun fi masai na gida, sai da matakala ko ga babba gajere. Wasu kamfanonin suna sayar da mazaunin yara, ka nema. In gudawa ta kama ɗaya daga cikinku, ƙara busasshen ɓawo zai taimaka na yini ɗaya, in ta zaga gidan sai kwasa, da safar hannu, kuma wannan kwasar ita ce mafi haɗari. Maganar cewa dole namiji ya zauna, wadda Turawa ke ta gunaguni a kai, mu ba ta dame mu ba, da ma ba a tsaye aka koya mana ba. Baƙi ne abin ji. Mu mutane ne masu zumunci, ranar suna ko Sallah jirgin zai cika, kuma wannan masai sai an yi wa mutum bayani: ga maɓallin da za ka buɗe in babba ne, ga inda za ka matsa, kada ka zuba ruwa. Ka faɗa mini wanda zai tsaya a ƙofar banɗaki ya yi wa surukarsa wannan karatu. Ba za a yi ba, za ta shiga da butarta, kuma ba laifinta ba ne.

In wata rana kun koma jirgin teku mai tafiya da iska, lissafin ya ɗan bambanta. A can wannan masai yana da farin jini da dalili: yana raba mutum da ramukan da ake hudawa a ƙasan jirgi, da tanki, da bututun roba da ke tsotse wari. Matsalarsa in jirgi ya kwanta gefe guda fitsari ba ya bin hanyarsa, shi ya sa ake kafa shi yana kallon goshi ko bayan jirgi, kuma bakin bututun iska sai an kare shi daga igiyar ruwa. Doka kuma ba ta bambanta fitsari da bayan gida. A Amurka zubar da jarkar a cikin mil 3 na ruwa daga gaɓa laifi ne. Holan ta hana jiragen shaƙatawa zubar da ruwan masai tun 2009, Suwidin tun 2015.

Ra'ayina a kan halinku: ku cire. Ba don na'urar ba ta aiki ba. Ga wanda ke da matsaya ta dindindin da ɗan fili a bakin ruwa inda mai wurin ya yarda a jera robobin taki, ko ɗan'uwa mai lambu da ya amince, kuma yana gogewa da takarda, na sha ba da shawarar a saya, kuma masu shi ba sa son komawa. Ku kuwa ba fili, kuna yawo, kuna tsarki da ruwa, ga ƙaramar yarinya. Masai mai kaset ya fi dacewa da ku. Kaset guda yana cin lita 17 zuwa 21, ruwan buta ba ya ɓata masa komai illa saurin cika, sai ku sayi kaset biyu na ƙari, ku nemi mabuɗin hukuma da ke buɗe ɗakunan Elsan. Ɗaukarsa ba daɗi, nauyinsa ya kusa kilo 20 in ya cika, zubarwar ma sai an toshe hanci, amma minti biyar ne ka wanke hannu ka tafi, ba ka bar komai a kan rufi ba. In akwai kuɗi da wuri a ƙarƙashin gado, tankin da ake zuƙewa ya fi kowanne sauƙi ga mai amfani da ruwa, sai dai ana biya duk zuƙa, kuma in ruwa ya daskare da hunturu jirgi ya kasa motsi, tanki cike ba shi da dabara, shi ya sa masu tanki da yawa ke ɓoye ƙaramin masai na tafi-da-gidanka.

Kafin ka biya kuɗin jirgin, ka sa mai duba jirgi ya ɗaga katakon ƙasan banɗaki ya ga ko fitsari ya taɓa kwanciya a kan ƙarfen, don yana cin sa da tsatsa. Ka tambaya ko akwai tsohon tanki da aka bari a ƙarƙashin gado lokacin da aka canza masai, in akwai, an zuƙe shi an wanke ko rufe shi kawai aka yi. In tankin da bututunsa suna da lafiya, mai da shi aiki zai fi sayen sabo araha. Ramin bututun iska da ke rufi a toshe shi da kyau ko a mai da shi mashigar iska. Shi kuma masai na takin, in ka wanke shi tas yana da masu saye a hannu na biyu, kuɗinsa zai iya biyan kaset ɗin da na ƙarin.